Makon Yaro a Firamare da Aikin da Ya Rage wa Gida

A makarantar allo ba a yi wa yaro ƙari sai ya iya abin da ke kan allonsa. Zai zo ya biya a gaban malam, in ya kawo daidai a ce ya je ya wanke, in ya yi ta tuntuɓe ya koma ya zauna a kan karatun nan ko da zai kwana bakwai. Firamare ba haka take tafiya ba, kuma iyaye da yawa ba su lura da bambancin ba. A can kalanda ce ke jan karatu. Tun kafin a buɗe makaranta an riga an yanka kowane darasi mako-mako. Litinin na zagayowa malami zai shiga batu na gaba, da wanda ya gane da wanda bai gane ba duk a tafi da su. Saboda haka sauraron yaro shi kaɗai, a tabbatar ya iya kafin a wuce, kusan duk ya dawo wuyan mutanen gida. Aikin ba ya bukatar digiri, amma yana da hanyar da ake binsa.

Hukumar NERDC ta tarayya ce ke tsara manhajar karatu ta ƙasa. Daga manhajar ake fitar da abin da malamai ke kira sikim, wato jerin batutuwan kowane darasi: mako na ɗaya kaza, mako na biyu kaza, har ƙarshen zango. Makarantun gwamnati suna ƙarƙashin hukumar SUBEB ta jiha da sashen ilimi na ƙaramar hukuma, bisa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004. Malami zai duba sikim ya rubuta shirin darasinsa, hedimasta ya sa hannu, in mako ya ƙare a rubuta abin da aka koyar. Jami'an da ke zagayen duba makarantu sukan duba ko malami ya kai inda ya kamata ya kai. Shi ya sa ko malami mai tausayi ba ya samun damar tsayawa jiran yaran da aka bari a baya.

Shekarar karatu zango uku ce, kowane zango mako goma sha biyu ne ko sha uku. A cire makon farko da ke tafiya a shara da bita da jiran yara su gama dawowa, a cire mako biyu na ƙarshe na bita da jarrabawa, abin da ya rage na sabon karatu da ƙyar yake wuce mako goma. Ke nan yaron da zazzaɓi ya kwantar mako guda, ko aka tafi da shi biki wani gari, ya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na karatun zangon. Ga shi batutuwan a kan juna suke hawa. Wanda bai gane gidan ɗaiɗai da gidan gomomi ba, in aka zo tarawa mai riƙo zai tsaya cik, in aka zo ɗebewa mai aro ya ƙara nutsewa. Darasi ɗaya kuwa minti 30 ne zuwa 40. In aji yana da yara 70, darasin kuma minti 35, ko malami bai ce uffan ba ya raba lokacin daidai wa daida, rabin minti kowane yaro zai samu.

Sanin batun mako

Abu na farko shi ne gida ya san me ake yi a aji wannan makon. Hanya mafi sauƙi a je makaranta a makon farko na zango, a gaisa da malamin aji, a roƙe shi ya nuna sikim na darussa uku kawai: Hausa, Turanci da lissafi. A ɗauki hotonsa da waya ko a kwafa a takarda a manna a bangon ɗaki. Ba abin ɓoyo ba ne, kuma malamai da yawa suna jin daɗin a tambaye su, muddin an zo da ladabi ba da neman laifi ba. "Malam, barka da ƙoƙari. Ni ne mahaifin wance ta aji uku. Don Allah ina so in san abin da za ku yi musu a lissafi, don mu riƙa taimakawa daga gida." Wannan ya isa. Uwar da ba ta fita tana iya aika yayan yaron da saƙo, ko ta nemi lambar malama. In duk wannan bai samu ba, a sa yaro ya riƙa rubuta kan maganar da malami ya rubuta a saman allo kowace Litinin a shafin ƙarshe na littafinsa.

Tambayar "me aka koya muku yau?" ba ta cika kawo amsa ba. Yaro zai ce "lissafi" ya wuce wasa. Gara a ce masa, "Zo ka zama malamina, yi mini abin da Malama ta yi muku a allo." A ba shi gawayi ko alli da gefen bango. Cikin minti biyu za a gane ko ya fahimta.

Akwai abin da nake so iyaye su kiyaye sosai, domin shi ya fi yaudarar mutane: littafin rubutu cike da rubutu mai kyau ba shaidar iyawa ba ne. Yara suna kwafar allo kamar masu zane, harafi bayan harafi, ba tare da sun iya karanta ko kalma ɗaya daga abin da suka rubuta ba. Haka ma karatun baki ɗaya da ake yi a aji. Yaro yana iya rero haruffa daga farko har ƙarshe, ko jadawalin sau biyu, amma a nuna masa harafi ɗaya a tsakiya a ce mene ne wannan, sai ya koma farko yana rerowa har ya iso wurin. Don haka gwajin gida dole ya saɓa da tsarin da aka haddace. A nuna kalma daga tsakiyar shafi, a fara daga ƙasa zuwa sama, a canza lambobin lissafin da aka yi a aji a ba shi irinsa.

Zaman kullum

Ɗan Bahaushe yana da makarantu biyu, wani ma uku: allo da asuba ko da dare, boko da safe, Islamiyya da la'asar. Kada a ɗora masa ta huɗu. Minti 15 zuwa 20 sun ishi ɗan aji ɗaya zuwa uku, rabin awa ta ishi na aji huɗu zuwa shida. Abin da ke sa zaman ya yi amfani shi ne a tsayar masa da lokaci ɗaya kullum, ko tsakanin magariba da isha, ko bayan ya ci abincin rana ya ɗan huta. A gyara fitilar caji tun da rana, a kashe talabijin, a ajiye waya. Da yake makarantun allo suna hutun Alhamis da Juma'a, Islamiyyu da yawa ma haka, yammacin Alhamis shi ne ya fi dacewa da dogon zama na bitar mako.

A fara da abin da yaron ya riga ya iya, don bakinsa ya buɗe. Sannan a shiga batun makon, a ƙare da aikin gida in an ba shi. Kada babba ya karɓi fensir ya yi masa. Malamin da ya ga amsa daidai zai ɗauka yaron ya gane, ya wuce, an cuci yaron ke nan da sunan taimako. A bar kuskurensa ya isa gaban malami. Bulala kuma ba ta da gurbi a wannan zama. Yaron da ke kallon hannun babansa ba ya kallon takarda, kuma da zarar ya haɗa karatu da duka, zai fara ɓoye littafinsa yana cewa ba a ba su aiki ba.

Karatu da Hausa tukuna

A manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 an rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankin da yake zaune. Ko me makaranta ta zaɓa, a gida shawarata a fara da Hausa, kuma dalilin a fili yake. Rubutun Hausa kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasula biyar ne, a e i o u, kuma yaro ya san ma'anar abin da yake karantawa, saboda haka in ya yi kuskure kunnensa zai gaya masa. Shirin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA da aka yi a Katsina da Zamfara, duk a kan koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa aka gina su. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a Hausa ya riga ya san yadda karatu yake aiki, in ya zo Turanci sabbin sautuka da ma'ana kawai zai nema.

Ga yadda ake bi. A koya masa sautin harafi kafin sunansa. A yanka kwali ƙanana a rubuta gaɓoɓi, kowane kati gaɓa ɗaya: ba, ka, ma, ki, fa. A jera biyu ya haɗa: ba da ka, baka, ka da ma, kama, ba da ki, baki. A juya katunan ya ga sabuwar kalma ta fito. In ya saba, a shigo da haruffa masu lanƙwasa ta hanyar kalmomin da su kaɗai ke bambanta su: baki da baƙi, kafa da ƙafa, fada da faɗa, bari da ɓari. Daga nan sai tagwayen baƙaƙe irin sh, ts, kw da gy, sai gaɓoɓin da ke rufewa da baƙi, kamar a ƙarfe da tambaya. Yara da yawa a nan suke maƙalewa, su tsallake baƙin tsakiya ko su ƙara masa wasali. A sa su tafa hannu a kan kowace gaɓa suna faɗa a hankali.

Kafin a fara, a gano inda yaron yake a zahiri, ba ajin da yake ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yi suna da wata hanya mai sauƙi wadda yanzu ake amfani da ita a wasu jihohin Arewa, kuma ana iya yinta a tsakar gida. A shirya takardu huɗu: ɗaya ta haruffa a barbaje, ɗaya ta kalmomi, ɗaya mai gajerun jimloli huɗu, ɗaya mai ɗan labari. A fara ba shi ta jimloli. In ya karanta ba gargada a haura zuwa labari, in ya kasa a sauko zuwa kalmomi, in nan ma ya kasa a sauko haruffa. Inda ya tsaya, nan ne karatunsa na gida zai fara. Ɗan aji biyar da bai iya haɗa gaɓa ba, ba abin da littafin aji biyar zai yi masa. A koma da shi ba, be, bi, amma a keɓe, ba a gaban ƙannensa ba, kuma kada a bari kowa ya kira shi daƙiƙi. Irin wannan yaro yakan yi sauri in ya samu mai zama da shi, domin hankalinsa ya riga ya girma.

Wanda ya fara tafiya a nemo masa abin karantawa. Ka Koyi Karatu na masu farawa ne. Akwai Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, sai Magana Jari Ce na Abubakar Imam ga 'yan aji biyar da shida. Ya karanta da ƙarfi, in ya gama shafi a rufe littafin a tambaye shi: wa ya yi abin, me ya sa, me kake gani zai biyo baya?

A Turanci, aikin gida na mako bai kamata ya wuce kalmomi biyar zuwa goma daga darasin makon ba. Ya karanta, ya faɗi ma'anar da Hausa, ya sa kalmar a jimla. A lura da wuraren da harsunan biyu suka saɓa. Harafin c da yaro ya sani a ciki da cokali, a Turanci yakan fita da sautin k ko s. Sautin p da f sukan cakuɗe a bakin Bahaushe. Wasulan Turanci kuma ba sa tsayawa a kan sauti ɗaya. A gaya wa yaro a fili cewa kowane harshe da dokarsa, kada ya ɗauka shi ne ya rikice.

Lissafi da tsinke

Tsohuwar tsintsiya ta ishi lissafin aji ɗaya zuwa uku. A karya tsinkayen daidai tsawon yatsa, a ɗaure goma-goma da zare, a bar wasu a warwatse. Dami shi ne gidan gomomi, tsinke shi ne gidan ɗaiɗai. In an ba yaro 27 a tara da 15, ya ajiye dami biyu da tsinke bakwai, ƙarƙashinsu dami ɗaya da tsinke biyar. Ya haɗa tsinkayen, sun zama goma sha biyu. Ya ɗaure goma su zama sabon dami, ya tura shi wurin 'yan'uwansa, saura tsinke biyu. Dami huɗu da tsinke biyu, 42. Ɗayan da malami ke cewa a riƙe, ga shi yaro ya ɗaure shi da hannunsa. A ɗebewa sai a juya: a cire 15 daga 42, tsinke biyu ba za su ba da biyar ba, dole a kwance dami ɗaya. Aron ke nan. Sai ya yi haka sau da yawa kafin a koma takarda zalla.

Don ninkawa a tara murafen kwalba ko ƙwallayen dabino, a jera layi uku, kowane layi huɗu. Ya ƙirga, 12. Ya zagaya ya kalle su ta gefe, sun koma layi huɗu na uku-uku, adadin bai canza ba. Wanda ya ga wannan da idonsa ya rage wa kansa kusan rabin haddar jadawali. Rabi da sulusi da kwata kuwa a gurasa ko lemo ake nuna su, ya yanka ya raba wa ƙannensa.

Kada a raina lissafin da yaro ya riga ya iya. Yarinyar da ake aika ta da naira 500 ta sayo kayan 350 ta dawo da canjin 150 daidai, ta iya ɗebewa. Wanda ya san ɗari ba ashirin tamanin ne, shi ma haka. Abin da ya rage a nuna musu cewa wannan da na allo abu ɗaya ne. In ta dawo daga aike, a ce ta rubuta lissafin a takarda yadda ake jera shi a aji.

Uwar da ba ta yi boko ba tana da babban rabo a wannan aiki, kada ta janye jiki. Tana iya buɗe littafi ta ga ko an yi sabon rubutu yau, ko malami ya bi da jan biro. In yaro yana karanta Hausa, ta fi kowa sanin ko maganar ta yi ma'ana: "A'a, sake wannan wurin, ba a faɗar haka." Tana iya yin tatsuniya ta sa shi ya maimaita da bakinsa daga farko zuwa ƙarshe, wanda shi ne tushen fahimtar labari. Lissafin tsinke da na canji kuwa ba sa bukatar ta iya rubutu. Ana iya wakilta yaya ko anti su yi sauran, amma Umma ta zauna kusa, domin yayye suna da saurin hannu.

Bitar Alhamis da saƙo ga malami

Ranar Alhamis a ba yaro tambayoyi biyar daga batun makon, da lambobi ko kalmomin da bai gani a aji ba. In ya ci huɗu, makon ya zauna. In ya ci biyu ko ƙasa, Asabar da Lahadi a koma kan batun kafin Litinin ta kawo sabo. A duba irin kuskuren, domin shi ke nuna inda matsalar take. Yarinyar da ta tara 27 da 15 ta rubuta 312 ba shirme ta yi ba. Ta tara bakwai da biyar ta rubuta 12, ta tara biyu da ɗaya ta rubuta 3. Tarawa ta iya, riƙo ne bai shiga ba. Saƙon da za a kai makaranta ya zama irin wannan: "Malama, tana tarawa daidai, amma da an haura goma sai ta zube lambobin duka a ƙasa." Malama za ta iya gyara wannan cikin minti biyu a lokacin tara. "Yarinyar nan ba ta gane komai" kuwa ba ya ba ta abin kamawa.

A tuna cewa gwaje-gwajen tsakiyar zango da aikin aji suna da makinsu, a makarantu da dama kashi 30 ko 40 cikin ɗari na sakamako. Wanda ya jira makon jarrabawa kafin ya buɗe littafin ɗansa ya makara. Ni dai ban damu ƙwarai da "na nawa ka zo?" ba. Yaro yana iya zuwa na uku a ajin da kusan kowa bai iya karatu ba. Tambayar da ta fi ita ce me ya iya yau wanda bai iya ba a farkon zango.

Duk wannan ba zai yi tasiri ba in yaro ba ya cikin aji. A jadawalin makarantu da yawa lissafi da Turanci ne ke zuwa da sassafe, don haka mai makara kullum darussan da suka fi nauyi yake rasawa. A sallame shi da wuri, da ɗan abin kalaci a cikinsa ko da koko ne. A kula da fashin Juma'a da na ranar kasuwa da na lokacin shuka da girbi. 'Ya mace kuma a rage mata wanke-wanke da raino a lokacin zaman karatu. Ba daidai ba ne ɗan'uwanta yana kan tabarma da littafi ita tana bakin murhu, sannan a zo ana mamakin sakamakonta. Mai halin ɗaukar malamin lesin ya ɗauka, amma ya gaya masa matakin da yaron yake, ya kuma ci gaba da bitar Alhamis da kansa, don lesin da ya koma kwafar allo a gida bai ƙara komai ba.

In an yi mako uku ko huɗu ana zama kullum amma yaro bai motsa ba, a duba jikinsa kafin a zargi ƙwaƙwalwarsa. Yana matse ido in yana kallon nesa, ko yana manna littafi a fuska? Sai an kira shi sau biyu yake juyowa, ko kunnensa yana fitar da ruwa? A kai shi asibiti a auna ido da kunne, a roƙi malami ya dawo da shi layin gaba. A tambaye shi a hankali ko akwai mai cin zalinsa a hanya ko a aji. In kuwa aka gano matsalar ta aji duka ce, malami ba ya shiga ko babu littattafai, wannan ya wuce gyaran gida ɗaya. A haɗu da iyaye biyu ko uku a je wurin hedimasta, in bai yiwu ba a kai maganar taron iyaye da malamai ko kwamitin kula da makarantar, wato SBMC, a tafi da littattafan yaran a hannu don a nuna makonnin da ba a yi komai ba.